Yadda Ake Gano Abin da Ya Kashe Hilux Mai Shan Gas a Hanya, da Yadda Ake Tayar da Ita

Injin gas ba shi da fulogin wuta irin na motar fetur. Iska yake zuƙa ya matse ta har ta ɗauki zafi, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Bukatunsa uku ne ke nan: ya juya da ƙarfi, ya sami iska, gas mai tsabta ya iso masa a kan kari babu kumfa. Duk motar da ke tafiya lafiya ta mutu ta ƙi tashi, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya yanke, kuma da irin man da muke sha da irin hanyoyin da muke bi, galibi na ukun ne. Abin da ke ɓata wa sabon direba aiki shi ne gaggawa. Ko dai ya yi ta buga makulli har batir ya kwanta, ko ya bar wani ya kwance masa famfon injekta a bakin titi alhali ɗan tiyo ne ya tsage. Na jera matakan nan daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma ina so ka bi su yadda suke, kada ka tsallake.

Da Hilux zan yi misali don tana da yawa daga Kano har Agadez. Mai L200 ko D-Max ko Navara ma zai ga kusan komai ya zo daidai da tasa, wurin zaman kayan ne ya bambanta.

Kayan da ya kamata su zauna a mota

- Sifana lamba 8, 10, 12, 14 da 17. Lamba 10 ta kan batir ce, 17 kuwa galibi ita ke kama notin bututun nozul a tsofaffin injina.
- Sukudireba mai faɗin baki da mai baki huɗu, da filaya.
- Tocila, tsummoki masu tsabta, da ɗan samfefa.
- Mitar gwada wuta. In babu, kwan mota guda da ka jona wa waya biyu ya isa ya nuna maka ko wuta tana isa wuri.
- Wayar jona batir mai kauri. Sirara zafi kawai suke ɗauka, ba sa juya injin gas.
- Sabuwar filtar mai irin ta motarka, tare da zoben robarta.
- Farin tiyo mai nuna ciki, mita biyu, irin wanda magina ke awon lebur da shi, da kilif uku ko huɗu.
- Jarka mai tsabta ɗauke da lita 5 na gas mai kyau, mazurari, da busasshiyar gorar ruwa ta roba.
- Fis na ajiya da igiyar jan mota.
- In motarka mai ƙwaƙwalwa ce, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, 'yar na'urar OBD2 mai karanto lambar matsala, da ake jonawa da wayar hannu. Ba ta da tsada, kuma tana rage lalube ƙwarai.

Ka san wane inji ke gabanka

Wannan ya zama dole, domin akwai abin da za a yi wa wani inji ya tashi, a yi wa wani ya jawo asara ko rauni. Tsofaffin injina su ne 2L, 3L da 5L. Za ka gane su da bututan ƙarfe huɗu da suka fito daga bayan famfon injekta, kowanne ya nufi nozul ɗinsa. 5L-E ma haka siffarsa take, sai dai ƙwaƙwalwar mota ke sarrafa famfonsa. Sababbin kuwa, waɗanda ake rubuta wa D-4D, kwaman-rel ne: 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0, sai 2GD mai 2.4 da 1GD mai 2.8 da suka fito daga 2015. A cikinsu bututan nozul daga wani kakkauran bututu guda suke fitowa wanda ke kwance a gefen inji, shi ake kira rel, kuma kowane nozul yana da soket ɗin waya.

1. Kawar da motar, sannan ka tuna yadda ta mutu

Da inji ya mutu sitiyari zai yi nauyi, birki kuma sau ɗaya ko biyu zai kama da sauƙi kafin ya sandare, don haka kada ka yi ta tattaka shi. Kada ka mayar da makulli wurin kulle sitiyari alhali mota tana gangarawa. Sauka daga kwalta, ja birkin hannu, sa dutse a taya, kunna wutar gargaɗi, ka ajiye alama mai kusurwa uku can nesa da bayan mota. In ganye ka zuba a titi, ka kwashe shi in za ka tafi.

Yanzu natsu ka tuna mintunan ƙarshe, don rabin amsar tana nan. In ƙarfinta ya riƙa raguwa, kana taka totur tana shaƙewa, musamman a hawa, har ta yi tari ta mutu, hanyar mai ce. In farat ɗaya ta ɗauke kamar an murɗa makulli, ka fi zargin wuta ko taimin bel. In jim kaɗan bayan shan mai ne, man ne abin tuhuma. In jiya aka canza filta, ko ka ja tanki har ƙasa, iska ce ta shiga. In kuwa a cikin ruwa ta mutu, ko gejin zafi ya haura, ko jar wutar baƙin mai ta kama kafin ta mutu, kada ka taɓa makulli sai ka gama mataki na biyu.

2. Buɗe bonet kafin ka buga

Zaro sandar baƙin mai ka duba. Ba mai ko kaɗan, ko ya koma kalar madara, ko ya haura alama sosai yana warin gas, duk alamu ne na tsayawa. Duba ruwan lagireto ta robar da ke gefe, kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Haska tocila ka nemi wayar da ta fita daga soket, wurin da gas ya jiƙa, ko warin ƙonewa.

Sai ka buɗe gidan filtar iska. In ka tarar ta jiƙe, ko ruwa kwance a gidan, to inji ya sha ruwa. Wannan na faruwa da damina wurin ƙetare rafi ko kududdufin cikin gari. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, bugu ɗaya na iya lanƙwasa sandar fistin. Kada a buga, kada a tura. Sai an cire hita fulogi, masu ɗumama inji kafin tashi, ko nozul an fitar da ruwan, an kuma canza baƙin mai.

3. Murɗa makulli zuwa ON, ka karanta fitilun dashbod

Kada ka buga tukuna. In babu fitilar da ta kama, ko sun kama dishi-dishi, je kan batir kai tsaye. In sun kama, a mota mai ƙwaƙwalwa ka nemi 'yar fitilar nan mai hoton inji. Dole ta kama a wannan lokacin. Rashin kamawarta na nufin wuta ba ta isa ƙwaƙwalwa, sai ka tafi mataki na 9. Fitilar tsaro da ta ci gaba da ƙyaftawa bayan ka murɗa makulli tana gaya maka motar ba ta gane makullin ba, sai ka gwada na ajiya. Fitilar filtar mai kuma tana nufin ruwa ya taru ko filta ta toshe.

In ba kai ne mai motar ba, kira shi ka tambaya ko an sa mata na'urar bin sawu ko ɓoyayyen makunni na hana sata. Irin waɗannan ana yanka wayar mota ne a jona su, kuma jonin kan saki da girgizar hanya. Tambayar minti ɗaya ce, amma tana iya hutar da kai wahalar yini.

4. Buga sau ɗaya, daƙiƙa goma, ka saurara

Ƙa'idar bugu ita ce kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, sannan a huta kamar minti ɗaya kik ya huce. Kuma kada ka sake bugawa sai ka canza wani abu. Duk bugun da aka yi ba tare da an gyara komai ba, cajin da za ka nema anjima ne ake ƙonawa.

In ka ji ƙas-ƙas ko shiru, ko inji yana juyawa da ƙyar, matsalar batir ce ko hanyar wutarsa. Kama kan batir ka murɗa da hannu, in ya motsa ya saki. Cire shi, baƙi kafin ja, goge farin garin da ya taru da samfefa, ka mayar ka ɗaure, ja kafin baƙi. Bi baƙar wayar da ta haɗa batir da bodi da inji, don ita ma tana saki ko ta ci tsatsa. A mita, cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6. Wanda ya sauko kusa da 12.0 ya yi rauni, wanda kuma ya faɗi ƙasa da 10 lokacin bugu ba zai tayar da injin gas ba. Duba fanbel ma. In ya tsinke, altaneta ta daina caji tun a hanya, kuma mota mai ƙwaƙwalwa tana mutuwa idan wuta ta ƙare.

Wajen jona batir, ja zuwa ja, sannan baƙi daga batir mai kyau zuwa wani ƙarfe a jikin injin da ya mutu. A bar mai taimakon tana aiki minti biyar kafin a buga. Kada a jona da babbar mota mai wutar volt 24. Kuma dabarar nan ta cire kan batir alhali inji yana aiki don a musanya, ina roƙonka ka bar ta, tana ƙona altaneta da ƙwaƙwalwa. Turawa a giya ta biyu tana yi wa mota mai kuloci, amma kwaman-rel ba zai tashi da turi ba in batir ya mutu murus.

In batir lafiya lau ne amma ka ji dum guda inji ya ƙi juyawa, tsaya. Ko ruwa ne a ciki, ko inji ya kafe.

In kuwa yana juyawa da sauri fiye da yadda ka saba ji, sakayau babu nauyi, shi ma tsaya. Buɗe murfin sama na robar da ta rufe taimin bel ka leƙa. Injinan L da na KD bel gare su, na GD sarƙa. A KD fitilar T-BELT tana kamawa a kilomita 150,000, kuma mutane da yawa kashe ta suke sa a yi ba tare da an canza bel ba. In ya tsinke ko haƙoransa sun zube, kowane bugu ƙarin ɓarna ne ga bawul da fistin. Sai ja.

In juyin daidai ne kamar kullum amma ta ƙi kamawa, ci gaba.

5. Sa wani ya tsaya a bakin salansa

Lokacin bugu, rashin hayaƙi kwata-kwata na nufin mai ba ya isa cikin inji. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas na nufin yana isa amma ba ya kamawa da kyau, ko saboda ruwa a cikinsa, ko kumfa, ko taimin ya goce. Baƙin hayaƙi kuwa ƙarancin iska ne. Cire filtar iska ka kakkaɓe ta, don ƙurar hunturu tana toshe ta tsaf, ka kuma leƙa ko leda ta shige bakin bututun iska.

Kada ka ɓata lokaci a kan hita fulogi. Aikinsu da asubar sanyi ne. Injin da ya mutu da zafinsa ba su ne suka kashe shi ba.

6. Tabbatar akwai mai, kuma mai ne na gaske

Kada ka yarda da geji, yana maƙalewa. Buɗe murfin tanki a hankali kana saurare. In ka ji iska ta ruga ciki da ƙarfi, ƙofar numfashin tankin ta toshe, famfo ya yi ta zuƙa har ya gaza. Bar murfin a sake ka ci gaba. Jijjiga motar ka ji motsin mai. In saura kaɗan ne kuma motar ta tsaya a karkace, bakin bututun na iya zama a sama da man, sai ka ƙara daga jarka.

Shinshina bakin tankin. In warin fetur ka ji, wato an yi kuskure a gidan mai ko an yi haɗi, kada ka sake bugawa. Famfon injekta da nozul da santsin gas suke aiki, fetur kuwa wanke santsin yake yi. Sai an juye tankin kaf, an canza filta.

7. Filtar mai: tsiyaye ruwa, sannan a fitar da iska

A nan aka fi samun matsalar, don haka ka ba wannan mataki lokacinsa.

Filtar tana cikin bonet. A kanta akwai wani maɓalli mai faɗi da ake dannawa da tafin hannu, shi ne famfon hannu. A gindinta kuma akwai ɗan murfin roba na tsiyaye ruwa, kusa da wayar fitilar gargaɗi. Yanke kan gorar nan ka tara a ƙasa. Murɗa murfin gindin da hannu kamar zagaye biyu, kada ka cire shi gaba ɗaya. Danna famfon hannu har abin da ke fita ya zama gas zalla, sannan ka ɗaure da hannu kawai. Filaya tana fasa shi, kuma in ya fashe a daji ka shiga wata sabuwar matsala.

Ɗaga gorar ka haska ta. Ruwa ya fi gas nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa da layi tsakaninsu, ko ƙwaya-ƙwaya yana birgima. Gas mai kyau garau yake. In ya yi duhu-duhu, ko ka ga baƙar laka da tsatsa, filtar ta gama aiki. Wanda ke yawan shan man 'yan bumburutu daga durom da jarkoki ya fi kowa haɗuwa da wannan. Cokali biyu ko uku na ruwa ba abin tashin hankali ba ne, aikin filtar ke nan. Amma in ka tsiyaye, ka danna, ruwa ya ci gaba da zuwa, to tankin ne ya cika da shi, sai a koma dabarar jarka a mataki na gaba.

Wajen sa sabuwar filta, goge kewayen wurin tukuna, ka shafa wa zoben roba ɗan gas, ka tabbatar tsohon zoben bai maƙale a sama ba. A kwaman-rel kada ka cika sabuwar filta da man da ba a tace ba, bar famfon hannu ya cika ta. In babu sabuwa, a tsohon inji za ka iya cire ta, ka juye, ka ɗauraye da gas mai tsabta ka mayar don ka kai gari. Abin da ban yarda da shi ba ko kusa shi ne tsallake filta a jona tiyo kai tsaye. Ƙwayar yashi da ido ba ya gani ta isa ta lalata nozul ɗin kwaman-rel, kuma kuɗin guda ɗaya ya ninka na filta sau da yawa.

Yanzu danna famfon hannu a jere, kana lura da abin da tafinka ke ji:

In da farko sakayau ne, sannan ya riƙa nauyi har ya yi tauri, mai ya cika hanya. Buga. Tana iya yin tari ta mutu, sai ka sake dannawa har ya yi tauri ka kuma bugawa. Da ta kama, riƙe totur kaɗan na minti biyu.

In ka danna ya lotsa ya ƙi dawowa, ko yana tasowa a hankali, hanya ta toshe tsakanin tanki da filta. Bi bututun ƙarƙashin mota ka ga ko dutse ya matse shi. In lafiya yake, cire tiyon da ya zo daga tanki, buɗe murfin tanki, ka hura iska a hankali da famfon taya har abokinka ya ji ɓulɓul a ciki. Wannan ture dattin yake yi daga rariyar tanki, zai dawo, amma ka samu na kaiwa gareji.

In kuma ka yi ta dannawa ya ƙi yin tauri, iska tana shiga ta wani wuri. A yawancin waɗannan motoci babu famfon lantarki a cikin tanki, famfon jikin inji ne ke zuƙo man tun daga baya. Kamar mai shan zoɓo da tsinken roba da ya tsage ne: zoɓon ba zai zuba ba, amma iska zai yi ta ja. Shi ya sa za ka duba ko'ina a bushe ka ce tiyo lafiya, alhali shi ne mai laifi. Lanƙwasa kowane tiyo kusa da bakinsa ka haska, nan yake tsagewa. Yanke wurin da ya tsage ka mayar ka ɗaure da kilif. Don ka gani da idonka, sa guntun farin tiyo tsakanin filta da famfon injekta ka danna. Jerin kumfa da ba ya ƙarewa shaida ce. Kan filtar ma da kansa yana tsufa, robar cikin famfon hannu ta huje ta riƙa jan iska. Farin tiyon na gwaji ne kawai, gas yana sandarar da shi, kada ka bar shi a jone a inji.

8. Gwajin jarka

Cire tiyon da ke shigar da mai cikin filta, ka sa farin tiyo a madadinsa, ɗaya bakin cikin jarkar gas mai tsabta. Danna famfon hannu har ya yi tauri, ka buga. In ta tashi, laifin yana baya, ko tanki ko bututu ko man da ke ciki. In ta ƙi, yana gaba.

Da wannan za ka iya lallaɓawa zuwa gari, amma ka tuna inji yana mayar da rarar mai tanki ta wani bututu dabam. In ba ka karkato shi cikin jarkar ba, lita biyar ɗinka za ta ƙare nan da nan. Ɗaure jarkar tam, nesa da salansa da batir, kuma kada kowa ya kunna taba kusa.

9. Daga nan hanya ta rabu

Tsohon inji, 2L, 3L da 5L. A saman bayan famfon injekta, kusa da inda bututan huɗu suka fito, akwai wani ɗan abu mai waya guda. Shi ke buɗe wa mai hanya idan an murɗa makulli, ya rufe idan an kashe. Ɗora yatsa a kansa wani ya murɗa zuwa ON, za ka ji ƙas. In shiru ne, gwada wayar da kwan gwaji. Babu wuta, duba fis. In fis lafiya ne, ja waya daga jan kan batir ka jona masa. Da ya yi ƙas, buga. Ka sani fa motar ba za ta mutu da makulli ba sai ka zare wayar. In akwai wuta amma ya ƙi motsi, shi ne ya ƙone. Ana iya cire ɗan fistin da ke cikinsa a tafi, amma ka bar wa wanda ya taɓa yi, don datti na shiga famfo ta nan.

In yana aiki, saura fitar da iska daga bututan nozul. Sassauta notin bututun a bakin nozul biyu ko duka huɗun, rabin zagaye zuwa zagaye ɗaya. Yafa tsumma a kai, janye hannunka da fuskarka, wani ya take totur ya buga daƙiƙa goma. Kumfa za ta fara fitowa, sannan gas ya riƙa tsartuwa tsul-tsul. Ɗaure notin, ba da ƙarfin tsiya ba, ka buga. In mai yana isa famfo amma ko ɗigo bai fito ba, koma ka duba taimin bel, don a waɗannan injinan shi ke juya famfon. Bel lafiya, to aikin masu injekta ne.

Kwaman-rel. Kada ka sassauta bututun nozul ko na rel alhali ana bugawa, ko da wani ya ce haka aka saba. Matsin man ciki yana iya haura bar 1,000 a ma'aunin matsi, tsartuwarsa tana huda fata ta shiga nama. Wanda hakan ta same shi a kai shi asibiti nan take, ko da ƙofar raunin ba ta kai bakin allura ba. Kuma ba a bukatar hakan, famfon hannu ya isa fitar da iska.

Abin da za ka iya shi ne wuta. Buɗe akwatin fis na cikin bonet, taswirarsa tana bayan murfin. Zaro masu suna EFI ko ECD, AM2 da IGN ka haska. Wanda ya ƙone a sa mai lamba irin tasa. Kada a naɗa masa waya ko takardar sigari, kuma in sabon ya sake ƙonewa, wata waya ce ke taɓa bodi. Musanya rilen inji da wani mai siffa da lamba iri ɗaya. Danna duk soket ɗin da hannunka ya kai. Motar da ke ɗaukar hatsi ko take kwana kusa da rumbu, nemi inda ɓera ya ci waya.

Lokacin bugu kalli allurar juyin inji. In ko motsi ba ta yi, zargi sensar kiransha, mai gaya wa ƙwaƙwalwa juyin inji. Wata alamarta ita ce mota ta mutu da zafi, ta tashi bayan ta huce, ta sake mutuwa. A KD kuma akwai bawul a jikin famfo da ake kira SCV, mai daidaita yawan man da ke shiga. In datti ya sa ya fara maƙalewa, mota takan mutu a silo ko in an sauke ƙafa daga totur.

Jona na'urar OBD2 a soket ɗinta da ke ƙarƙashin sitiyari. P0087 na nufin matsin rel ya yi ƙasa, P0093 mai yana zurarewa da yawa, P0335 sensar kiransha, P0340 sensar kamsha. Rubuta lambar kafin ka goge. Kuma P0087 ba hukuncin famfo ba ne, toshewar filta ma tana kawo ta. 5L-E ana fitar masa da iska a nozul kamar tsohon inji, amma ɓangaren wutarsa irin wannan binciken ake yi masa.

10. Abin da ba a yi ko an matsu

Za a samu mai cewa a jiƙa tsumma da fetur a kanga a bakin bututun iska, ko a fesa maganin sauro. Hita fulogi mai zafi na iya kunna shi tun kafin lokaci, wuta ta dawo ta fuskar mai riƙe da tsumman, ko fistin ya fashe. Injin ma na iya zuƙe tsumman. Ko ta tashi, bai gyara abin da ya kashe ta ba.

11. In ta tashi, da in ta ƙi

Ta tashi, bar ta a silo minti biyar kana haska duk inda ka taɓa ko yana ɗiga. Gwada batir inji yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. Ƙasa da haka ba ta caji, don haka kashe na'urar sanyi da rediyo, kada kuma ka kashe inji sai a ƙofar gareji. Tafi a hankali. In ruwa ko laka ka samu a filta, sa a sauke tanki a wanke a makon nan, ka sayi wata filtar ka mayar cikin kayan mota.

Ta ƙi bayan duk wannan, tattara kayanka a ja ta. Mai kuloci a giyar banza, makulli a buɗe don kada sitiyari ya kulle, tafiya sannu don birki ya yi tauri. Mai giyar otomatik a ɗora ta a kan mota ya fi. Ka nemi garejin masu gas, kuma in kwaman-rel ce, wanda ke da na'urar gwaji. Gaya wa bakanike yadda ta mutu, inda ka sha mai na ƙarshe, irin hayaƙin da aka gani, yadda famfon hannu ya yi a tafinka, da lambar da na'ura ta nuna, ka kuma miƙa masa gorar da ka tsiyaye filta a ciki. In ya ce nozul ne, ka ce a auna rarar man da kowanne ke mayarwa kafin a cire su. A KD da GD kowane nozul yana da lambarsa da aka shigar wa ƙwaƙwalwa, saboda haka a yi musu alama wajen cirewa, kowanne ya koma raminsa, sabo kuma a shigar da lambarsa kafin ka karɓi mota.